Ruwa a Tankin Maharazu

In ka fito daga Daura ka miƙi hanyar Mai'adua, dab da inda gidaje ke ƙarewa gonaki su fara, akwai wani ɗan masallaci a ƙarƙashin darbejiya biyu. A gabansa akwai fili mai daɓen siminti, duk ya tsattsage, ciyawa ta leƙo ta tsagogin. Yaran yanzu Masallacin Mai Ruwa suke ce masa, da yawansu ma sun ɗauka wani ɗan garuwa ne ya gina shi. Ba haka ba ne. Gidan mai ne a da, mai famfo ɗaya tal, kuma mai shi bai taɓa sayar da ruwa ba, in ban da wata bazara guda da ya sayar bai sani ba.

Sunansa Maharazu, ɗan Mati mai haƙar rijiya. Duk wanda ya tashi a tsohon gari, can wajen Kusugu, ya san Mati: gajere ne mai kaurin dantse, ƙasa ba ta rabuwa da gemunsa. Ya so ƙwarai ɗansa ya gaje shi. Yakan kai shi bakin rijiya ya jefa tsakuwa, ya ce, "Yi shiru ka ji. Ruwa yana magana, mutane ne ba sa saurara." Yakan kuma ce ruwa ba ya ɓata, in ka zubar ka waiwaya ba ka gan shi ba, to wani wuri ya tafi. Maharazu ya riƙe maganganun, amma sana'ar ta gagare shi. Ranar da aka fara zura shi cikin rami da igiya, ya ɗaga kai ya ga sama ta tsuke ta koma kamar faifai, ya yi ta kurma ihu har aka jawo shi. Bai sake shiga ba.

Sai ya kama sayar da kananzir a kwalba. Da magariba ta kawo kai, yaran unguwa su yi layi da fitilun iyayensu. Mati ya wuce ya ce masa, "Ka gudu daga ruwan da ake sha ka koma wanda ba a sha." Daga kananzir ya koma fetur a jarka a bakin hanya, lokacin da babura suka fara yawa tsakanin Daura da Kongolam. Tun a nan aka san shi da wata ɗabi'a: ba ya zuba wa kowa mai sai ya shimfiɗa farin ƙyalle a bakin mazurari ya tace. Mai sauri ya yi ta tsaki, shi ko a jikinsa. Sannu a hankali ya sayi wannan fili, ya samu tsohon tanki a hannun wasu masu aikin hanya da suka gama suka tashi, abokan aikin mahaifinsa suka haƙa masa rami aka binne shi. Aka kafa famfo ɗaya, irin mai hannu a gefe, wanda in an ɗauke wuta sai a yi ta juyawa kamar injin markaɗe. Daga tankin aka ja wani siririn bututu ta ƙarƙashin ƙasa, ya fito a jikin katanga ya miƙe sama. Shi ne hancin tanki, ta nan yake numfashi, in mai ya shiga iska ta fita, in mai ya fita iska ta shiga.

Ana nan aka ƙaddamar da Shari'a. Wanda bai ga Daura a waɗannan shekarun ba, da wuya ya gane yadda zukata suka ɗauka. Kowane masallaci wa'azin tauye mudu ake yi da na algus. Mata masu awo suka riƙa fito da tiyarsu ana dubawa, mahauta suka wanke sikeli. Kowa yana neman abin da zai yi a san shi ma yana ciki. Maharazu ya dubi 'yan acaɓar da ke shan mai a wurinsa, ya ga in lokacin salla ya yi sai su shimfiɗa kwali a kan daɓen da baƙin mai ya ɓata. Ya kira Hussaini magini ya ɗora masa masallaci na bulo, da dakalin alwala a jikin katanga, daidai inda hancin tanki ya fito, domin nan ne inuwar darbejiya take daɗewa. Aka aza duro mai famfo, aka jera butoci.

Hussaini ya ce a bari ya ja kwata zuwa bakin hanya. Siminti ya ƙare a ranar, aka ce sai wani jiƙon. Da aka fara alwala sai aka ga ba a ma bukata. Ruwan yakan gangara ya taru a gindin bututun nan, kafin a sallame salla ƙasa ta shanye shi. Ko'ina wurin alwala caɓi ne da gansakuka, na Maharazu kuwa kullum a bushe, mutum ya taka da farin takalmi. Tsofaffi suka ce albarka ce, wurin da aka gina don Allah haka yake. Maharazu ya ji daɗin maganar, bai sake tuna kwata ba.

Waɗannan su ne shekarun da har yau Maharazu ya fi tunawa. Mai shayi ya kafa tebur a gefe. Rediyo yana rataye a reshen darbejiya, ana jin labaran rana ana gardama. Babura a jere kamar awaki a turke, masu su sun rataye huluna a wayar da ta ɗaure bututun da katanga, sun tsuguna suna alwala suna zolayar juna. Shugabansu Ma'aruf, dogo mai faɗin murya, shi ne yakan ja salla in liman bai zo ba, kuma shi ne yake cewa ko da ido rufe zai gane man Maharazu, domin babur ɗinsa in ya sha shi har waƙa yake yi. Auta bakanike ya buɗe rumfarsa a tsallaken titi. Shekara ta zagayo, wata ta biyo ta, wata ta sake biyowa.

Wata Lahadi ce a tsakiyar bazara, ranar kasuwar Mai'adua. Rabon sama da ɗigon ruwa tun kaka. Hantsi ya dubi ludayi sai ga Ma'aruf yana turo babur da ƙafa, gumi ya jiƙa masa riga. A bayansa wani dattijo ne yake jan rago yana ta faɗa, wai an sa shi ya rasa kasuwa.

Ma'aruf ya kafe babur a gaban famfo, ya ce, "Malam Maharazu, ɗazu fetur ka zuba mini ko koko?"

Maharazu ya ce, "Subhanallahi. Me ya faru?"

"Tun daga bayan gari yake tari kamar tsoho mai shan taba. Da na matsa masa sai ya ce ga garinku nan."

Auta ya tsallako da sifana. Ya kwance ƙusar kafireto, ɗan kwanon nan da mai ke taruwa kafin ya shiga inji, ya tara farar kwalba. Da ta cika rabi ya ɗaga ta a rana. Kowa ya gani. Fetur yana sama, ruwa ya kwanta a ƙasa, da layi a tsakaninsu kamar an ja da reza. Kafin azahar babura uku sun dawo a ture. Wani matashi daga cikin masu su ya ɗaga murya ya ce, "Ashe Mai Ruwa ne ba mai mai ba!" Aka yi dariya, amma ba irin dariyar da aka saba yi a wurin ba ce.

Maharazu ya kulle famfo, ya aika wa Yelwa. Yelwa direban tanka ne, shi yake kawo masa mai daga daffo, babbar ma'ajiyar mai, kuma taubashinsa ne, tun suna yara suke gardamar wane ne bawan wani. Ya iso ya tarar da shi a zaune a kan dakali.

"Bawana, wa ya mutu? Ka haɗe rai kamar hadarin gabas."

"Yau ba ranar wasa ba ce, Yelwa. Ruwa ka kawo mini."

"Ni? Ba a gabanka nake gwadawa ba kafin in sauke?"

Gaskiya ne. Yelwa yana da wani ɗan man shafawa mai ruwan ƙasa, a matse kamar na goge baki. Akan shafa shi a ƙasan sandar awo a zura. In fetur ya taɓa ba ya canja kama, in ya taɓa ruwa sai ya yi ja. Duk zuwa sai Maharazu ya sa an gwada tankar a gabansa. Nasa tankin ne bai taɓa gwadawa ba, domin a ganinsa in abin da ya shiga mai kyau ne, abin da ke ciki ma mai kyau ne. Yelwa ya buɗe murfin tankin Maharazu, ya shafa wa sanda man, ya zura ta har ta taɓa ƙasa. Da ya zaro ta, ta yi jawur kusan taƙi guda.

Yelwa ya yi fito. Ya zauna ya ce, "Bari in gaya maka, mai tun daga inda aka tace shi ruwa yake bin sa kamar kare da mahauci. Bututu ɗaya ne ake turo fetur da kananzir da gas, wannan bayan wannan. Wani lokaci da ruwa ake wanke shi, ko a gwada shi da ruwa bayan an ɗinke inda ɓarayi suka fasa. Bututun nan yana hawa tudu yana sauka kwari, to a kwarin ruwa yake samun wuri ya kwanta. Ranar da aka turo mai da ƙarfi sai ya kwaso shi ya tafi da shi daffo. A can akwai manyan tankuna, kowanne ya fi gidanka. Ana barin mai ya huta, ruwa ya sauka ƙasa tunda ya fi nauyi, a buɗe famfon gindi a tsiyaye shi. In ana wahalar mai, motoci sun yi layi, wani lokaci ba a jira ya gama kwanciya. Da damina kuma ga ruwan sama ta murfin da robarsa ta mutu."

"Ba damina muke ba."

"Na sani. Akwai kuma gumi. Iska mai laima ta shiga ta hancin tanki, ƙarfe ya yi sanyi da asuba, sai ta zama raɓa ta gangara. Kowane tanki yana yi. Amma bawana, a bazarar Daura, gumin da zai kai taƙi sai dai in tankin naka noma yake yi."

"To ko ya huje ne ta ƙasa?"

"Kai ne ɗan mai rijiya. Gaba nawa ake yi a nan kafin a ga laima?"

Maharazu ya san a wannan tudun sai an gaji da haƙa. Yelwa ya bayyana masa abin da ya sa sai yanzu abin ya fito: bakin bututun famfo ba ya taɓa ƙasan tanki, an ɗage shi kaɗan, saboda haka ruwa ya daɗe yana taruwa a ɓoye, sai da ya kai bakin sannan aka fara zuƙo shi. Suka kawo famfon hannu suka zuƙe ruwan tas, har sanda ta fito ba ja. Suka yanke cewa wata tsohuwar sauka ce ta zo da shi ba a lura ba. Maharazu ya sa sabon kwaɗo a murfi, ya bi masu babura ɗaya ɗaya yana ba su haƙuri. Ma'aruf ya ce ya wuce, kowa yana iya gamuwa da tsautsayi. Aka ci gaba da shan mai, aka ci gaba da salla.

Kafin damina ta faɗi ruwan ya dawo. Ba a kawo sabon mai ba a tsakani, kwaɗo yana nan a kulle, mabuɗi yana aljihun mutum ɗaya. Wannan karon ba wanda ya yi dariya. Aka ce ashe zuƙewar farko wasan yara ne. Aka ce ga mai gina masallaci da rana, ya yi algus da dare. Mai shayi ya ɗauke teburinsa, 'yan acaɓa suka koma wata inuwar, har salla suka daina yi a wurin. Ma'aruf ya kai ƙara kotun Shari'a a madadinsu, bisa zargin algus.

A zaman farko alƙali ya tambayi Ma'aruf ko akwai wanda ya ga Maharazu yana zuba ruwa. Babu. Alƙali ya ce to shaida a kan mai ƙara take, in ya rasa, rantsuwa tana kan wanda ya musa. Ya sa rana Maharazu ya zo da alwalarsa ya dafa Alƙur'ani.

A gida kuwa abin ya riga ya iso. Matarsa Siddiƙa man gyaɗa take yi na sayarwa, tun tana amarya unguwa ke aiko mata da kwalabe. Yanzu mai yana nan a roba, ba mai sallama. Wata maƙwabciya ma ta aiko a tambaya, wai shi man gyaɗar ba a ƙara masa komai ko? Ana gobe rantsuwa ta ajiye masa tuwo bayan la'asar, ya tsakura ya ture.

Ta ce, "Malam, ka zuba ne?"

"Haba Siddiƙa."

"To ba ka zuba ba. Ka je ka rantse a wuce wurin. Mai gaskiya ba ya tsoron Littafi."

"Ba rantsuwar nake tsoro ba. Abin da zai biyo bayanta nake tsoro. Na rantse gobe, na zuƙe ruwa, wata ya kama ya dawo. Me za a ce? Za a ce ya rantse a kan ƙarya. Daga nan ko tuntuɓe na yi sai a ce Alƙur'ani ne ya fara cin sa."

Ta ce, "Wasu sun ce aljanu ne. Ai darbejiya biyu a haɗe ba banza ba."

"Aljanin da zai bar rijiyoyin Daura duka ya zo ya yi ta ɗura ruwa a tankina, shi ma ba shi da aikin yi."

Ta yi 'yar dariya, sannan ta share ido da gefen zane.

Da hantsi ya sa farar rigarsa ya biya ta gidan man, domin ya ƙudura a nan zai yi alwalar. Wurin tsit, ba rediyo, ba ƙarar inji, ko Auta bai buɗe ba, ya tafi kotu kallo. Tun da aka gina dakalin nan Maharazu bai taɓa zama a kansa cikin shiru irin wannan ba. Ya cika buta ya tsuguna. Ya wanke hannu, ya kurkure baki, ya wanke fuska. Yana cikin wanke ƙafa idonsa ya bi ruwan, yana gangarawa siriri ta kan siminti, ya je gindin bututu ya ɗan taru, ya nutse. Ya sha ganin haka. Abin da bai taɓa yi ba shi ne ji. Can ƙasa, nesa, wani sauti ya taso mai amo, ɗis, ɗis, irin na tsakuwar Mati in ta isa.

Ya tsaya da buta a hannu. Ya sake cika ta, ya juye ta gaba ɗaya a gindin bututun, ya manna kunnensa a jikin ƙarfen. Ruwa ne yake gudu a ciki, yana gangarawa, ya je ya zuba a wuri mai faɗi. Ya daɗe a haka, kunci a jikin bututu, farar riga tana shan tsatsa. Ruwa ba ya ɓata. Tun yana yaro aka gaya masa, ya zo ya zauna shekaru yana kallon duro bayan duro yana nutsewa a wuri ɗaya, yana amsa barka.

Ya miƙa hannu zai tona, sai ya fasa. In ya tona shi kaɗai, za a ce shi ya huda da safen nan. Ya bar ƙasar yadda take, ya tafi kotu ba shi da komai sai abin da kunnensa ya ji.

Kotu ta cika har waje. Aka kawo Alƙur'ani a naɗe cikin gafaka aka ajiye a gabansa. Alƙali, wani dattijo mai sanyin magana, ya ce, "Kana da alwala?"

"Ina da ita, Allah ya gafarta Malam."

"To dafa, ka ce ba ka zuba ruwa a tankinka ba."

Maharazu ya mayar da hannunsa baya. Ya ce, "Ba zan iya ba."

Wurin ya ɗauki guna-guni. Wani a waje ya ce, "Allahu akbar, gaskiya ta yi halinta!" Alƙali ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce, "Malam Maharazu, ka san abin da ƙin rantsuwa yake jawowa? Sai in juya ta kan mai ƙara, in ya rantse magana ta tabbata a kanka."

"Na sani. Jiya da an ba ni da na rantse. Yau ba zan iya ba, domin na zuba. Ko da safen nan na zuba buta biyu. Amma ba ni kaɗai ba ne, Allah ya gafarta Malam. Mai ƙara ma ya zuba, ya fi ni ma, domin shi ba ya tsimin ruwa in yana wanke ƙafa."

Ma'aruf ya zabura. "Ni? Ni na zuba maka ruwa a tanki?"

"Kai da duk wanda ya taɓa salla a wurina."

Maharazu ya faɗi abin da ya ji a jikin bututu. Alƙali ya dubi Ma'aruf ya ce, "Za ka rantse cewa algus ya yi?" Ma'aruf ya dubi gafakar, ya dubi tsatsar da ke kafaɗar Maharazu, ya ce shi dai a fara zuwa a gani tukuna.

Aka ɗunguma. 'Yan acaɓa suka ɗauki mutanen kotu, alƙali ya biyo a mota. Aka nemo Hussaini magini, tunda shi ya yi ginin, aka ba shi diga. Kowa ya shaida ƙasar ba a taɓa ta ba. Bai yi nisa ba ya iske laka baƙa, sannan gwiwar bututun, inda ya lanƙwasa ya nufi tanki. Dama tsohon ƙarfe ne tun zuwansa, ga shi ya shekara da shekaru a cikin jiƙa, tsatsa ta cinye shi ya koma kamar rariya. Alƙali ya sa aka buɗe murfin tanki, Ma'aruf ya durƙusa ya kara kunne, Auta ya juye buta a ramin. Ma'aruf ya ɗago a hankali.

Ya ce, "Wato duk alwalar da na yi a wurin nan, babur ɗina ne yake shanye ta?"

Auta ya ce, "Shi ya sa ya tsaya maka a hanya. Lokacin sallar walha ne ya yi, kai ne ba ka gane ba."

Aka fashe da dariya, har alƙali ya rufe baki da gefen rawani. Hussaini ya jingina da diga ya ce, "Na ce a ja kwata." Maharazu ya ce, "Ka ce, Hussaini. Ni ne na ji an ce albarka na kwanta a kai."

A nan ƙarƙashin darbejiya alƙali ya yanke magana. Ya ce babu algus, domin algus sai da nufi, amma akwai sakaci, gyaran baburan da suka lalace yana kan mai gidan mai. Ma'aruf ya ce su sun yafe. Maharazu ya ce bai yarda ba, hukunci hukunci ne, a kai wa Auta. Ma'aruf ya kama hannunsa da hannu biyu. Da azahar ta yi, da yashi aka yi taimama a wurin, ba wanda ya yarda ya taɓa buta. Washegari 'yan acaɓa da kansu suka rushe dakalin suka mayar da shi can bayan masallaci, suka ja kwata har gindin wasu zogale da Siddiƙa ta ba da aka dasa. Yelwa ya zo da sabon bututu, ya bar masa man gwajin nan kyauta, ya ce, "Riƙe, bawana. Ka riƙa duba cikin gidanka kafin ka duba na baƙo."

Ba kowa ne ya dawo ba. Labarin zargi a kan babur ya tafi har Kongolam, na wankewa kuwa da ƙafa ya bi shi, akwai ƙauyukan da har yau bai isa ba. Kwalaben Siddiƙa sun dawo ɗaya bayan ɗaya, maƙwabciyar nan ce ta ƙarshe. Sunan Mai Ruwa kuwa ya zauna daram. Da farko in an kira shi da shi sai ya ɗauke kai, daga baya ya fara amsawa, har ya kai in baƙo ya ce yana neman Maharazu sai a yi ta tunani.

Ya ƙara shekaru yana sayar da mai, kullum da safe sai ya shafa wa sanda man nan ya zura kafin ya buɗe famfo. Daga baya manyan gidajen mai suka zo da fitilu da famfuna a jere, samari suka fi son inda ba a juya hannu in wuta ta ɗauke. Ma'aruf ya bar acaɓa ya koma kiwo, Yelwa ya riga mu gidan gaskiya. Maharazu ya rufe ba da rigima ba. Aka tono tankin aka sayar wa masu buga bulo, suna tara ruwa a ciki. Da aka gaya masa ya yi dariya har da tari, ya ce, "Dama abin da yake so ke nan tun farko."

Yanzu shi ne ladanin masallacin. Gemu ya yi fari, ido ya rage, kunne dai yana nan. In ya gama alwala ba ya tashi nan da nan. Sai ya tsaya da buta a hannu yana bin ruwan da kallo, yadda yake bin kwata, ya zagaya bayan katanga. Samari su leƙo su ce, "Baba Mai Ruwa, lokaci fa ya yi." Ya ce, "Ina zuwa." Ba ya shiga ya tayar da iƙama sai ya ga ruwan ya isa gindin zogale.